Dubu Ba Ɗaya a Tungar Magarya

Zuwa ga Mai Girma, Babban Mai Ƙirgar 'Yan Adam,
mazaunin ofishin da ban taɓa gani ba, a ƙasar da aka ce ruwa na daskarewa don sanyi,
Allah ya ƙara wa alƙalaminka tawada.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mutumin da ya san adadin mutanen duniya alhali bai taɓa zuwa sunan ko ɗayansu ba, da tambayar lafiyar iyali, in akwai, da ta na'urorinka, ina neman izinin gabatar da kaina. Sunana Mode, wanzami ɗan wanzami, a Tungar Magarya, wani ƙauye da ke bayan fadama, tafiyar sa'a guda a babur daga Goronyo in rani ne. In damina ce kuwa, sai yadda gulbi ya ga dama. Shekara talatin da takwas ke nan ina aske kan duk jaririn da aka haifa a garin nan ranar sunansa. Saboda haka ni da kai abokan sana'a ne, sai dai ni nakan taɓa kan da na ƙirga.

Abin da ya kawo ni gajere ne, ko da yake wanzami bai iya gajeren zance ba. Masu rabon ungozomomin asibiti sun ce ba za su tura wa ƙauye ungozoma ba sai mutanensa sun kai dubu, kuma da littafinka suke aiki. Littafinka ya ce mu ɗari tara da tamanin da tara ne. Ɗakin da ungozomar za ta zauna mun gina shi da aikin gayya tun bara, har da rufin kwano, yanzu albasar Maigari ce ke kwance a ciki tana shan iska. A gidana kuma akwai mai ciki wata bakwai, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ga koke-kokena a jere, ka yi haƙuri da tsawonsu.

Na ɗaya. Shekarun baya muna zaune gindin durumi muka ji a rediyo cewa mutanen duniya sun cika biliyan takwas cif, har aka ce an nuna jaririn da ya cike adadin a wata ƙasa mai nisa. Mun taya shi murna. Amma ranka ya daɗe, a makon da aka yi sanarwar kawai kawuna huɗu na aske a Tungar Magarya, biyu a Gandi da aka kira ni taimako. Ta yaya ka tabbatar ba ɗaya daga cikin nawa ne ya riga shi faɗowa ba? Wa ka aiko ya tsaya da agogo a bakin ɗakin haihuwa? Ba kishi nake yi ba, ina tambaya ne don ƙarin ilimi.

Mu ma muna da namu ofishin ƙidaya, kuma ya girmi naka. Wata tsohuwar randa ce a zaurena, na gada wurin mahaifina. Duk kan da na aske ranar suna, in jefa tsakuwa ɗaya. Duk amaryar da aka kawo daga wani gari, tsakuwa ɗaya. Wanda Allah ya yi wa cikawa, ko wadda aka kai aure waje, in cire tasa in mayar bakin gulbi. Da na ji adadin da ka ba mu sai na zazzage randar a kan tabarma, na wuni ina lissafi har ɗuwawuna suka yi tsami. Dubu da ɗari biyu da talatin da huɗu na samu. Randar nan ba ta cin wuta, ba ta neman sabis, kuma ba ta taɓa cewa a sake gwadawa an jima ba.

Na biyu. Maƙwabcina Ja'afar, manomin albasa ne mai babbar waya, ya nuna mini wata taswirar duniya da aka ce daga ofishinka ta fito. An shafa wa ƙasashe launi gwargwadon yadda suke hayayyafa. Wasu fari fat, wasu ruwan ƙwai, yankinmu kuwa ja wur kamar an zubar da manja. Ya karanta mini cewa nan da shekaru kaɗan ƙasarmu za ta shiga sahun gaba a yawan jama'a, masana har ba sa cin abinci don damuwa da mu. Allah ya saka musu da alheri. Ya kuma karanta cewa a ƙasashen nan farare makarantu ake rufewa don babu yara, gwamnati na lallashin mutane su haihu suna noƙewa, tsofaffi na zaune babu jikan da zai sace musu goro. Wannan ya ba ni tausayi ƙwarai, kuma in da hali muna iya ba su aron jikoki na wata uku, su gani in za su iya.

Ba na musun cewa mun ƙaru. Gonar kakana ta fadama, wadda sai mutum ya yi kira da ƙarfi kafin na wancan gefe ya ji, an raba ta an sake rabawa, har rabona ya zama in na shimfiɗa tabarma sai gefenta ya shiga na ƙanena. Wannan na gani da idona. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a taswirar duniya mun yi yawa har muna hana manya sukuni, a takardar rabon ungozoma kuma mun yi kaɗan. Alƙalami ɗaya ne ya rubuta biyun, ko kuwa akwai na ranar tsoratarwa da na ranar rabo?

Na uku. Yaranka masu ƙirga sun iso mana tsakiyar rani, su biyu, da riguna iri ɗaya da ƙaramar kwamfuta mai kama da allo. Yara ne masu ladabi, sun sha fura sun gode. Sai dai wa ya ba su shawarar zuwa a wannan lokaci? Ko akuyar Tungar Magarya ta san da an cire albasa rabin mazan garin ba sa nan. Wasu sun bi motar albasa zuwa kudu, wasu suna Sakkwato suna tura ruwa, wasu Abuja suna gadi. Yaranka suka ce wanda bai kwana a gari ba ba ɗan gari ba ne. To, surukina Shafi'u yana can Anaca yana kwana a kan buhuna a kasuwa, na tabbata an ƙirga shi a can, an ce birane sun cika sun batse. Nan da wata guda zai dawo ya yi shuka, ya ci tuwonmu, ya sha ruwan rijiyarmu, ya kuma ƙara mini aikin askin suna. Birni ya samu lambarsa, mu muka samu cikinsa.

Na huɗu, kuma nan ne gizo ke saƙar. Yaranka sun tsaya a ƙofar kowane gida sun yi wa maigida tambayar da ko mahaukaci ba ya yi a garin nan: 'ya'yanka nawa, faɗi sunayensu daga babba. Daga babba, ranka ya daɗe! Shin a ƙasarku mutum yakan buɗe baki a gaban jama'a ya kira sunan ɗansa na fari? A nan ba a yi. Ɗan fari ɗan kunya ne. Uwarsa ba ta kiran sunansa, ubansa ba ya yi masa wasa a idon mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai dai maƙwabta su ɗaga shi. Akan ce "yaron nan", ko "wancan", ko a yi gyaran murya kawai kowa ya gane. Ba ƙi ba ne, mu dai haka muka taras ana nuna so, a juya masa baya. To da aka ce a fara daga babba, sai kowane maigida ya dubi ƙasa, ya sosa ƙeya, ya fara daga na biyu. Yaranka suna ta dannawa suna murna aiki na sauri. A wuni biyu suka share 'ya'yan fari na gari guda daga doron ƙasa, ba annoba, ba yaƙi.

Da sun tambaye ni, da na koya musu dabara a kyauta. Ba a tambayar mutum ɗansa na fari, maƙwabci ake tambaya. Maƙwabci zai ba ka sunan, da ranar haihuwa, da yawan kajin da yaron ya jefa da dutse.

Na biyar. Za ka ce ai da yawa daga 'ya'yan farin suna hannun kakanni, sai a same su can. Haka ne, can suke. Amma takardarka 'ya'ya take tambaya, ba ta san jika ba. An je gidan Inna Kaltume, tsohuwar da ta haura tamanin, aka tarar da jikanta ɗan shekara huɗu yana wasa da turmi, aka tambaye ta mene ne shi a wurinta. Ta ba da amsar da kowace kaka za ta bayar:

"Wanga? Ai mijina na. Raggo na dai, ko cehwane bai yi."

Yaronka ya danna abin da ya ji. Kwamfutar ta yi ƙara, ta ce wannan aure ba zai yiwu ba, ta share miji, ta bar matar a matsayin wadda sai an bincika. Har yau Inna Kaltume na jiran masu binciken, ta ce in sun zo su taho mata da taba.

Na shida. Da Maigari ya kai kuka, sai aka turo masa amsa cewa akwai ƙofar gyara zuwa ƙarshen watan nan. Wanda ya tafi cin rani ya tafi ke nan. Amma wanda ya kwana a gari aka tsallake shi, ana iya ƙara shi, in maigidan da ya tsallake shi ya faɗi sunansa da bakinsa ko ya rubuta da hannunsa. Mutum goma sha ɗaya kawai muke nema. Maigari ya sa aka yi shela, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa, ya zauna da takarda kwana uku. Ba wanda ya zo sai mai tallar ƙosai. Kowa na son ungozoma, amma kowa na jiran wani ya fara zubar da mutuncinsa.

A nan ne, ranka ya daɗe, na yi wa ofishinka aikin sa kai, kuma ina fatan za a rubuta mini shi a wani wuri. Na lura cewa akwai lokaci guda da namiji ba ya gardama, wato in ya ɗaga haɓa aska tana kan maƙogwaronsa. Ranar Juma'a da safe na ce Maigari ya zo zaurena da takardarsa, ya zauna a lungu kamar mai jiran layi. Ja'afar ne ya fara zama. Na jiƙa gemu, na wasa aska sosai yadda zai ji, na ɗora ta daidai wurin, sannan na tambaye shi cikin ladabi ko zai tuna mini sunan babban ɗansa, don tsufa ya fara taɓa ni. Na ƙara da cewa hannuna kan yi rawa in ina ƙoƙarin tuna abu. Zufa ta keto masa. Can ya ce ta gefen baki:

"Mode, ɗauke askag ga in hwaɗi. Nasrullahi na sunanai. Allah ya isa."

Maigari ya rubuta, Ja'afar ya dangwala, na gyara masa gemu ya yi kyau. Kafin a kira salla na samu shida. Asabar na samu uku, Lahadi ɗaya, shi ma baƙon labari ne, daga ruga ya dawo. Daga nan asiri ya tonu. Yau kwana goma sha biyu babu namijin da ya zauna a gabana. In na fito da zabira sai maza su tuna suna da aiki a gona. Masu hali suna hawa babur su tafi aski Goronyo, marasa hali sun bar suma da gemu, garin ya koma kamar na masu takaba. Liman da kansa, wanda nake yi wa ƙaho duk wata, ya aiko cewa ciwon bayansa ya warke. Ka ga irin hasarar da na yi saboda littafinka ya daidaita.

Goma muka samu. Ɗari tara da tamanin da tara, a ƙara goma, dubu ba ɗaya ke nan. Ka duba da na'urarka, ni da tsakuwa na yi nawa.

Na bakwai. Wannan ba koke ba ne a kanka, kuma na so ƙwarai a ce a kanka ne. Ranar da yaranka suka tsaya a ƙofar gidana, 'ya'yana bakwai ne, na ce shida. Na jero su tiryan-tiryan daga na biyu, har ina yi wa yaran gyaran rubutu. Ta farin tana bayan zana, taku uku tsakaninmu, tana tankaɗen gari, ta ji duk abin da na faɗa. Ita ce matar Shafi'u, ita ce mai cikin da na ambata, mun ɗauko ta gida da wuri saboda abin da ya faru bara. Da suka tafi ta kawo mini ruwa ta durƙusa, ta ajiye, ta koma. Ba ta ji haushi ba, ta san al'ada, ita ma da haka ta tashi.

Abin da ya faru bara shi ne, naƙuda ta zo mata cikin watan da gulbi ya cika, ta yi wuni biyu abu ya ƙi. Tsofaffin mata suka yi iyakar saninsu, suka ce a nufi asibiti. Muka ɗora ta a babur zuwa inda hanya ta yanke, muka sa ta a kwalekwale, muka sake neman wani babur a ƙetare, rana tsaka, ina riƙe da ita ta baya. Ita Allah ya tsallakar da ita da ƙyar. Yaron kuwa namiji ne, bai kai Goronyo ba. Ban aske shi ba, ba shi da tsakuwa a randata, ba shi da layi a littafinka. Ko a wannan rana, a cikin kwalekwale, ina ganin idonta na juyewa, abin da bakina ya iya cewa shi ne, "Ke, yarinya, buɗe ido." Wannan abu yana ci mini rai har yanzu, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba sai kai, da yake kai ba ka san ni ba.

Shekaranjiya ina zaune ina zagin mazan garin nan da taurin kai, ina lissafa waɗanda suka gudu daga askata, sai uwargidana Kulu ta ajiye muciya ta dube ni. Shekara ashirin da biyar muna tare, ita ma ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba. Ta ce:

"Kai da kat tara sunayen ɗiyan mutane da aska, taka ɗiyar hwa? Ko ita ba mutum ta ba?"

Na ɗauki hulata na fita. Na je wurin Maigari sau uku in faɗa da baki. Na farko tari ya sarƙe ni, na biyu na ɓuge da tambayar farashin taki, na uku na tarar da Ja'afar da sauran tara zaune sun zo kallo, kowa da murmushinsa. Ja'afar ya ce tunda su a gaban mutum biyu na tozarta su, ni sai a gaban duniya duka za su yafe. Shi ya sa wasiƙar nan take a buɗe, ba don ina son suna ba. Na kuma gano cewa hannu bai kai baki kunya ba, ko da yake shi ma tun ɗazu yake kewaye-kewaye, ka ga har koke bakwai ya ƙirƙiro don kada ya iso nan.

Akwai abin da ban faɗa maka ba game da randar. Lissafinta ma da saura, ita ma ta rage mutum ɗaya. Ranar sunan yarinyar ba ni na yi askin ba, wani wanzami aka kira daga Marnona, ni kuwa na bar gari na wuni a fadama kamar yadda ake yi. A can na tsinci wata farar tsakuwa, na ce in na dawo zan jefa. Da na dawo zauren cike yake da mutane, na ji nauyin a ji ƙararta. Shekara ashirin da uku tana cikin zabirata, tare da asake, duk inda na je da ita nake zuwa. Yau da safe na jefa ta. Ba ta yi wata ƙara ta daban ba.

To, ranka ya daɗe, buɗe littafinka, shafin ja, wajen gabas da Sakkwato, bayan fadama. Ni Mode, maigida, ina cikin hankalina, babu aska a wuyana, ina shaida cewa ranar da aka yi ƙirga akwai wadda ta kwana a gidana na tsallake ta. 'Yata ce ta fari. Sunanta Mahbuba.

Mun cika dubu. A gaya wa masu rabo su turo ungozomar kafin gulbi ya kawo, za mu kwashe albasar mu share ɗakin. In Allah ya sauke ta lafiya za mu zama dubu da ɗaya, ka yi haƙuri da ƙarin jan launi a taswirarka, wannan karon da gangan ne. Kana cikin waɗanda aka gayyata suna. In ka zo zan yi maka aski da hannuna, kyauta, kuma ina da 'yar tambaya da zan yi maka in ka ɗaga haɓa.

Ina durƙushe nesa da takalmanka, cike da girmamawar da ta fi ƙarfin ƙirga.

Naka mai biyayya,

Mode Wanzami,
uban Mahbuba,
Tungar Magarya, ta hanyar Goronyo.